Baban Turmi da Lemar Shekara Goma Sha Ɗaya

A can ƙarshen baranda a sashen kimiyya na jami'a, bayan an wuce ɗakin malamai da famfon da ba ya rufuwa, akwai wani ɗaki mai taga ɗaya. Nan Baban Turmi ya yi shekara goma sha tara yana aiki. Turmin da ya ba shi suna bai fi tafin hannu biyu ba, na wani dutse ne mai santsi kamar cikin kofi, taɓaryarsa kuwa ba ta kai tsawon cokali ba. Wanda ya ji sunan kafin ya ga mai shi yakan zaci wani ƙato ne mai damtse, sai ya tarar da ɗan siririn dattijo mai gashin baki, cikin farar rigar aiki da ta yi masa yawa har ya naɗe hannunta sau uku.

Ba da karatu ya shigo wurin ba. Yana saurayi a gidan burodi ya yi aiki, can ya koyi halin wuta. Da gidan burodin ya rufe sai Allah ya ba shi aikin masinja a jami'a, yana yawo da takardu ofis-ofis. Wata rana ya kawo takarda ya tarar da shugaban ɗakin, wanda yanzu ake ce wa Farfesa, yana ta faɗa da tanderun gwaji, gumi na zuba. Baba ya tsaya ya kara bayan hannunsa a gefen ƙofar tanderun ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ƙofar ce ba ta zauna ba, zafin ta hagu yake gudu." Tun daga ranar bai sake kai takardar kowa ba.

Aikin nasa ga yadda yake. Malamai za su auna masa gari iri biyu a 'yan takardu: wani kore, na ƙarfen nikel, wani kuma fari-fari, na irin ƙarafan nan masu wuyar tacewa daga ƙasa. Sunayensu na boko dogaye ne, harshen Baba bai taɓa kaiwa ƙarshensu ba, shi dai Koriya da Fara yake ce musu. Zai zuba su a turmi ya niƙa har su zama abu ɗaya, ya matse garin a inji ya fito kamar maɓallin riga, sannan a rufe shi a tanderu, a cusa masa iskar oksijin da ƙarfi. Bayan kwana biyu maɓallin ya fito baƙi ƙirin.

Duk wahalar nan saboda halin ɗan maɓallin ake yin ta. In yana da ɗumi, wutar lantarki na ratsa shi kamar waya. In aka yi ta sanyaya shi har ya kai wani mataki, sai ya rufe ƙofa, wuta ta nemi hanya ta rasa. A ɗumama shi, ya sake buɗewa. Malaman suna so su gane me ke sa shi haka, da yadda za a matsar da matakin nan sama ko ƙasa in an canza Farar da aka zuba. Malama Mai Tabarau, wadda ke karatun digiri na uku kuma ita ke yawan aiki da Baba, takan manna wa maɓallin wayoyi huɗu sirara kamar gashi, ta sa shi a tulun sanyi, ta zauna tana kallon layi a kwamfuta. In maɓallin mai kyau ne, layin zai yi ta tafiya a kwance, can sai ya miƙe tsaye kamar bango. In kuwa garin bai haɗu ba, sai layin ya riƙa hawa yana noƙewa kamar tsohuwa a matakala.

Baba ya ce shi bai ga abin mamaki ba. "Matata ma haka take. In ana sanyi ko gaisuwa ba ta wucewa ta cikinta."

Maɓallan Baba bango suke yi. Shekarunsa na farko aikinsa kadaran-kadahan ne, amma wajen shekara goma sha ɗaya da suka wuce hannunsa ya buɗe, har daga wasu jami'o'i ake roƙon Farfesa ya aika musu. An sha tambayarsa minti nawa yake yi yana niƙa. Amsarsa ɗaya ce: "Har sai ya yi." Aka rubuta a littafin ɗakin cewa a niƙa sosai, aka bar maganar.

Kowa dai ya san Baba ba ya niƙa baki rufe. Da ya kama taɓarya leɓɓansa za su soma motsi, ƙasa-ƙasa, ba ya tsayawa sai ya sauke. Mutane suka ɗauka zikiri yake yi. Farfesa in zai wuce yakan rage murya, har ya taɓa ce wa wasu baƙi albarkar ɗakin nan a bakin dattijon nan take.

To, Allah ya yafe mana baki ɗaya, ba zikiri ba ne. Shari'a yake yi da ƙanin matarsa, Mai Aski.

Asalin abin lema ce. Baba na da wata baƙar lema mai mariƙin katako, wadda ya saya da albashinsa na farko a jami'a. Wata rana da damina Mai Aski ya zo gaishe da yayarsa, ruwa ya tsare shi, ya ari lemar. Aka yi mako uku shiru. Da Baba ya aika a karɓo, sai ga wata lema mai mariƙin roba, wai ita ce. Baba ya ce ba ita ba ce. Mai Aski ya ce to ai lema ya mayar tuntuni, wannan ma ƙari ne don a zauna lafiya. Magana ta yi tsawo. Inna, matar Baba, ta shiga tsakani, ta lallaɓa mijinta ya je aski shagon ƙaninta don a shirya. Ana cikin askin gardama ta sake tashi, Mai Aski na nuni da hannun da ke riƙe da inji, sai ga rabin gashin bakin Baba a kan cinyarsa. Mai Aski ya rantse kuskure ne. Baba ya yi kwana arba'in yana rufe baki da hankici.

Tun daga nan sai gaisuwar dole, don Baba ba ya yarda ya ƙaurace wa ɗan'uwa gaba ɗaya. Amma kullum ya zauna gaban turmi sai ya buɗe zaman shari'a. Ya fara da ranar da ya sayi lemar, a natse. Ya kawo ruwan da aka yi, ya kawo mako ukun, ya kawo abin da Mai Aski ya ce da abin da ya kamata shi ya mayar masa da ya tuna a lokacin. In ya iso kan gashin baki kuwa, taɓarya har kuka take yi. Yana yanke hukunci gari ya yi.

Wata Asabar Inna ta ce a janye kabad ɗin ɗakinta za a yi fenti. Baba ya kama gefe, mai fenti ya kama gefe, suka ja. Wani abu ya faɗo daga baya cikin yanar gizo-gizo. Baƙar lema ce, mai mariƙin katako.

Inna ta dafe ƙirji. "Inna lillahi! Wallahi yanzu na tuna. Ya kawo ta kana wajen aiki, na ɗora a saman kabad."

Baba ya daɗe a tsaye yana kallon lemar, yana kallon matarsa. Shekara talatin na aure sun koya masa inda ake tsayawa. Ya wanke fuska, ya sa hula, ya nufi shagon aski. A gaban mutum huɗu da ke jiran layi ya ce, "Ƙanina, na zalunce ka. Ka yafe mini." Mai Aski ya ajiye almakashi ya rungume shi, suka yi kuka, wanda ake wa aski na zaune da rabin kai yana jiran su gama.

Ranar Litinin Baba ya shigo aiki zuciya fes kamar an wanke kwano. Ya zuba Koriya da Fara, ya yi bismilla, ya niƙa yana murmushi. Da ya ga launi ya haɗu a ido sai ya sauke. Bayan kwana biyu Malama ta sa maɓallin a tulun sanyi, layi ya hau matakala. Ta ce ƙila wayoyinta ne. Aka sake wani, haka. Aka zargi tanderu, aka zargi iskar, aka buɗe sabuwar kwalbar Fara. Na uku ma ya fito ba shi a waya ba shi a bango.

Farfesa ya kira Baba ofis. Mutum ne mai kunya, sai da ya gyara takardun tebur sau biyu kafin ya yi magana.

"Baba, shekaru sun ja, ba laifin kowa ba ne. Sashen da ke ƙasa suna da injin niƙa da ba sa amfani da shi, sun ce za su ba mu. In zubin mako mai zuwa bai yi ba, zan karɓo shi. Kai kuma akwai gurbi a ɗakin buga takardu, aiki ne mai sauƙi, a zaune."

"Na gode, ranka ya daɗe," in ji Baba. Ya fito ya tsaya gaban famfon da ba ya rufuwa, ya daɗe yana kallon ruwa na ɗiga. Shekara uku suka rage masa ya yi ritaya, kuma ba abin da yake roƙon Allah irin ya ƙarasa su a gaban turminsa. Mutumin da ake kira Baban Turmi, in an kai shi wajen takardu, da wane suna za a kira shi?

Malama ce ta gano bakin zaren. Mace ce mai 'ya'ya uku, kunnenta ya saba da cewa in ɗaki ya yi shiru akwai magana. Washegari ta bar kwamfutarta ta jawo kujera kusa da shi.

"Baba, na ga ka daina zikirin da kake yi."

"Wane zikiri?"

"Wanda kake yi in kana niƙa. Dā ina shiga aji in fito in tarar ba ka sauke ba. Yanzu kafin in gama shan shayi ka wanke turmi."

Baba ya sunkuyar da kai. Ya juya taɓarya, ya sake juya ta. Can ya ce, "'Yata, rufa mini asiri," ya kwashe labari tun daga mariƙin katako ya faɗa mata. Malama ta cire tabarau tana goge ido da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Ki yi dariyarki a fili, kada ki ƙware."

"Yi haƙuri, Baba. To ai abin ya zo da sauƙi. Ka ƙara lokaci kawai."

Ya ƙara. Ya yi awa guda cur yana juya taɓarya, amma hannun da ba fushi a cikinsa shafa garin kawai yake yi kamar mai lallashin jariri, har gyangyaɗi ya ɗauke shi sau biyu. Malama ta murza garin a kan gilashi ta duba a madubin ƙara girma, ta ga Koriya na gefenta, Fara na gefenta.

"Ba lokaci kaɗai ba ne, har da ƙarfi, kuma ban san inda kake dannawa da inda kake sassautawa ba. Ka nemi wani ka yi fushi da shi mana."

Baba ya gwada direbobin bas, suka ƙare a minti huɗu. Ya gwada zakaran maƙwabci, minti biyu, ƙarshe ma ya ce ai dabba ce ba ta da hankali. Ya gwada Farfesa, sai ya tuna mutumin ya zo duba shi a asibiti da lemo.

"To ka maimaita na ƙanin Inna sau ɗaya tak," in ji Malama. "Zan ɗora turmin a kan sikeli, in riƙe agogo, in rubuta komai. Daga nan ba ka sake buƙatarsa."

"A'a. Mutumin da na zalunta shekara goma sha ɗaya, ya yafe mini, in koma in ci namansa don gari ya yi laushi? Gara takardun."

Da safe wajen karin kumallo Inna ta ga ya tsoma burodi a shayi ya manta da shi har ya narke. Ta matsa masa, ya faɗa mata duka. Ta yi ta juya cokali, don ta san rabin laifin a saman kabad ɗinta ya kwana.

"Malam, giba ai a bayan ido ake yin ta ko?"

"Haka malamai suka ce."

"To ka faɗa a gaban idonsa mana. Wa ya hana ka?"

Ranar Laraba da hantsi sai ga Mai Aski a sashen kimiyya, ya rufe shago, ya sha sabuwar riga da turare kamar mai zuwa karɓar lambar yabo. Malama ta ba shi kujera da rigar aiki, ta gargaɗe shi kada ya taɓa komai. Ta ɗora turmi a sikeli, ta buɗe littafi.

"Ƙanina, ka san dole ce ta sa," in ji Baba. "Duk abin da zan faɗa ba har zuci ba ne."

"Haba Yaya, faɗi abinka. Ni kamar dutse nake, ko uffan ba zan ce ba."

Baba ya yi bismilla ya fara, murya a sanyaye. Ya sayi lema. Ruwa ya sauko. Alƙaluman sikeli na motsi kaɗan-kaɗan, Malama na girgiza kai.

"Ya ɗauke ta ranar Alhamis da la'asar…"

"Laraba ce, Yaya."

"Ka ce ba za ka yi magana ba."

"Ba magana na yi ba, gyara na yi. Kuma ba ɗauka na yi ba, kai ka miƙo mini."

"Ni na miƙo maka? Ni da ko 'ya'yana ba sa taɓa ta?"

"To lemar ma da ake ta yayi, haƙarƙarinta biyu a karye suke. Rabin jikina a jiƙe na isa gida."

Taɓarya ta yi ƙara. Malama ta gyara zama ta soma rubutu da sauri.

"A karye? Lemar da aka ɗinka da zare biyu? To in ka mayar da ita, me ya sa ka aiko mini da ta roba ka ce ita ce?"

"Don in huta da aikenka! Yaronka sau biyar yana zuwa shago, har masu zuwa aski suka ɗauka bashinka na ci!"

"Sai ka yi mini ƙarya."

"Sai na yi maka kyauta. Tawa ce sabuwa, ko godiya ban samu ba."

"Baba, juya ta gefen hagu ma," in ji Malama. Ta dubi Mai Aski. "Kawu, ci gaba."

Ba sai an roƙi Kawu ba. Kafin gardamar ta iso kan ranar askin Mai Aski ya miƙe tsaye, ya ajiye rigar aikin, yana kwatanta yadda ya riƙe inji.

"Kai ka juyo! Wa ke juyowa ana masa gyaran baki? Shekara ashirin ina aski, kai kaɗai ne ka taɓa kawo leɓenka wajen inji da kanka!"

"Na juyo ne saboda ka ce mariƙin ba katako ba ne!"

"Kuma wallahi, Yaya, tunda yau ranar gaskiya ce, rabin da ya rage ya fi yi maka kyau. Kanka dama a ɗan karkace yake, sai ya daidaita shi."

Abin da turmin nan ya gani a minti ashirin da suka biyo baya, bai taɓa ganin irinsa ba. Teburin na rawa, gumi na bin gashin bakin da ake magana a kai. Ana cikin haka Farfesa ya turo ƙofa a hankali kamar yadda ya saba, don kada ya katse ibada. Ya ji dattijon da yake sa wa albarka yana cewa, "Kwana arba'in da hankici, kamar mai ciwon haƙori!" Ya dubi Malama. Ta ɗaga masa hannu alamar ya dakata, idonta a kan agogo. Farfesa ya ja ƙofar ya koma.

A minti na hamsin da uku Baba ya sauke taɓarya yana haki. Garin ya zama launi ɗaya, laushi kamar hoda. Su biyun suka tsaya suna kallon juna.

"Ka yafe mini, ƙanina."

"Na yafe, Yaya. Ni ma ka yafe. Yaushe za a sake?"

"Ba za a sake ba."

Ranar Juma'a da safe aka fito da maɓallin. Malama ta manna wayoyinta huɗu, ta sa shi a tulun sanyi. Farfesa na tsaye a bayanta, Baba na bakin ƙofa ya kasa shigowa, wannan karon kam addu'ar gaske yake yi. Layi ya kama tafiya a kwance. Sanyi na ƙaruwa, yana tafiya. Sai ya miƙe tsaye, tsaf, har ya kusa fita daga allon.

Farfesa ya yi gyaran murya. Ya ce shi bai fahimci abin da ya gani ranar Laraba ba, kuma ba ya son a yi masa bayani. Injin ƙasa ya zauna inda yake.

Malama ta juya abin da ta rubuta zuwa takarda ɗaya ta manna a bango saitin turmi. Sayen lema, minti takwas, a hankali. Mako uku, minti sha biyar, matsakaici. Mariƙin roba, minti goma, ana juyawa hagu da dama. Gashin baki, minti ashirin, da iyakar ƙarfi. Baba ya bi takardar a zubi na gaba, ido a kan sikeli, baki na salati, maɓallin kuwa ya yi bango. Ɗalibai sababbi da ke shigowa haka suke koyon aikin, za ka ji wata na tambayar wata ko ta kai gashin baki, ba wadda ta san na waye.

Da yammacin ranar da aka manna takardar, Baba ya wanke turminsa ya kife shi a kan tsumma. Ya cire rigar aiki ya rataye, ya tsaya gaban gilashin taga yana gyara hula. Ya matsar da ita dama, ya dawo da ita hagu.

"'Yata, ke da kike da tabarau. Kaina a karkace yake?"

"Ban lura ba, Baba."

"Ai na yafe masa," in ji Baba. "Tambaya kawai na yi."